Daga Ƙaramin Asibitin Ƙauye Zuwa Ajin Koyon Likitanci

Ina da shekara kusan ashirin da biyar, da aure da 'ya ɗaya, lokacin da sunana ya fito cikin waɗanda aka bai wa gurbin karatun likita a wata jami'ar tarayya da ke arewacin Najeriya a 2019, alhali yawancin 'yan ajinmu yara ne da ba su daɗe da barin sakandare ba. Kafin wannan lokaci na yi shekaru ina aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye a matsayin ma'aikaciyar lafiyar al'umma, ina yi wa masu ciki awo, ina karɓar haihuwa, ina yi wa yara rigakafi. Na ga ya dace in rubuta yadda al'amarin ya kasance, domin akwai 'yan uwana ma'aikatan lafiya da ɗalibai masu yawa da ke ɗauke da irin burin da na ɗauka, kuma akasarinsu ba su san abin da ake dubawa da abin da ba a dubawa ba idan an zo rabon guraben wannan karatu, har wasu sukan yanke hukunci cewa sai ɗan wane da wane ne kawai ke samu.

Na gama sakandare a 2012 a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati. A shekarunmu na ƙarshe ba mu da tsayayyen malamin Fiziks, sai masu hidimar ƙasa da ke zuwa su tafi, kuma ɗakin gwaje-gwajenmu ba shi da kayan aiki, don haka a kan allo ake zana mana gwajin da ya kamata mu yi da hannunmu. Da sakamakon WAEC ya fito na samu kiredit a Turanci da Lissafi da Kemistiri da Bayoloji, amma a Fiziks na samu D7. Ga wanda bai saba da tsarin ba, daga A1 zuwa C6 ne ake kira kiredit, kuma karatun likita yana buƙatar kiredit a waɗannan darussa biyar gaba ɗaya, jami'o'i da dama ma suna shar'anta a same su a zama ɗaya, ba a haɗo sakamakon wannan shekara da na waccan ba. Wannan D7 guda ta riga ta rufe mini ƙofa tun kafin in zauna jarrabawar JAMB, amma a gidanmu da unguwarmu babu wanda ya san haka da zai gaya mini.

Na zauna jarrabawar JAMB a lokacin da ake yin ta da takarda da fensir, na samu maki da ya ɗan haura 200 cikin 400. Gida ya cika da murna, saboda mafi ƙarancin makin da aka sanar na shiga jami'a a wancan lokaci 180 ne, kowa yana ganin na wuce da rata. Muka yi ta jiran suna har aka rufe ɗaukar ɗalibai. Mahaifina tela ne, mutum ne mai haƙuri da ba ya son ganin yaro a zaune, kuma da yake sunan mahaifiyarsa na ci, ba ya kiran sunana. Wata rana bayan sallar isha'i ya ce mini, "Uwata, asibiti dai kike so, kuma ƙofar asibiti ba ɗaya ba ce. Ki shiga ta wadda take a buɗe, in Allah ya nufa da rabon waccan, ba za ta wuce ki ba." Haka na shiga makarantar koyon aikin lafiya, na yi shekara uku na fito da shaidar ma'aikaciyar lafiyar al'umma, wadda aka fi sani da CHEW, aka tura ni aiki ƙauye.

Asibitin ɗakuna uku ne da baranda, babu likita, babu wutar lantarki sai fitilar sola, kuma babban asibitin da muke tura marasa lafiya yana da nisa a kan hanya marar kwalta. Abin da muke aiki da shi wani littafi ne na ƙa'idojin aiki da ake bai wa kowane ma'aikacin lafiyar al'umma, wanda ke cewa idan ka ga alama kaza ka ba da magani kaza, idan ka ga kaza kuma ka tura majiyyaci gaba. Littafi ne mai amfani ƙwarai, ya ceci rayuka masu yawa, sai dai yana gaya maka abin da za ka yi ne kawai, ba ya gaya maka dalili. Tun daga 2014 gwamnatin tarayya ta amince da tsarin miƙa wa ƙananan ma'aikatan lafiya wasu ayyukan da a da sai ungozoma ko likita, saboda ƙarancin ma'aikata, kuma a ƙarƙashinsa aka horar da mu bayar da allurar farko ga mai ciki da jijjiga ta kama.

Wani dare cikin damina aka kawo mana wata yarinya mai cikin fari a kan amalanke, ƙafafunta sun kumbura, haƙoranta sun datse harshenta har jini na fita, mahaifiyarta na biye tana salati, tana cewa tun la'asar take kukan ciwon kai da ganin dishi-dishi. Na auna hawan jininta na ga ya wuce duk abin da na taɓa gani. Shugabar asibitinmu, wadda muke kira Hajiya, ta riƙe fitila da hannu ɗaya, ta danne kafaɗar yarinyar da ɗayan, ta ce, "'Yar nan, ki ja maganin, hannunki ya fi nawa ƙwari." Na ja sinadarin magnesiyam salfet kamar yadda aka koya mana, giram huɗu ta jijiya a hankali, sannan giram biyar biyar a kowane ɗuwawu, jijjigar ta lafa, muka kwantar da ita ta gefen hagu, muka samo motar wani ɗan kasuwa na raka su. A cikin motar nan ina riƙe da hannunta ina ƙirga numfashinta, kuma ina sane da cewa da wani zai tambaye ni me maganin nan yake yi a jikinta, ko me ya sa cikin fari ya fi jawo wannan ciwo, da ba ni da amsa. Yarinyar ta rayu, an yi mata tiyata, jaririn bai zo da rai ba. Da na koma gida na gaya wa maigidana cewa ina so in sake neman karatun likita, ko da zai ɗauke ni shekara nawa.

A zatona shekarun aikin nan za su zama mini tsani. Na tattara takarduna, da shaidar rajistata, da wasiƙar yabo daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da takardun horon da na halarta, na tafi ofishin ɗaukar ɗalibai na wata jami'a. Jami'in da na samu dattijo ne mai mutunci, ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya bai yi gaggawa ba, sannan ya miƙo mini su ya ce, "Malama, aikinki abin yabo ne, amma babu layin da zan rubuta shi a ciki. Mu nan abu uku muke gani, sakamakon sakandare da makin JAMB da makin jarrabawarmu ta tantancewa." Ya ƙara da cewa shaidar da nake da ita za ta iya taimaka mini a wasu fannonin lafiya, amma a nasu tsarin ba ta shigar da mutum ajin likita. Na fito raina a ɓace, ina ganin an yi watsi da duk daren da na raba ina karɓar haihuwa.

Wanda ya warware mini lissafin wani matashin likita ne da ya zo hidimar ƙasa a babban asibitin yankinmu, wanda yakan kawo mana ziyarar duba aiki. Ya zauna a bencin barandarmu ya zana mini abin a bayan wani tsohon katin awo. Ya ce kowace makarantar likita a Najeriya tana da adadin ɗaliban da majalisar kula da likitoci da likitocin haƙori, wato MDCN, ta amince ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta, kuma jami'ar da ta wuce adadin tana iya fuskantar hukunci. Abin kamar motar haya ce a tasha, kujerunta ƙidayayyu ne, ko fasinja dubu ne suka taru ba za a ƙara kujera ba. Saboda haka makin da ake sanarwa a rediyo a matsayin mafi ƙarancin shiga jami'a ba shi da alaƙa da makin da ke kai mutum ajin likita, domin ana jera masu nema ne daga sama zuwa ƙasa a yanke inda kujeru suka ƙare. Ya kuma bayyana mini cewa a jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na guraben na cancanta ne zalla, kowa daga ko'ina a ƙasar yana iya takara, kashi 35 na 'yan jihohin da aka ware wa jami'ar a yankinta, kashi 20 kuma na jihohin da aka lasafta cikin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, waɗanda yawancin jihohin arewa maso yamma da arewa maso gabas ke ciki. "Yaya," in ji shi, "zaɓen jami'a ma rabin jarrabawa ne. Makin da zai shigar da ke a jami'ar da jiharku ke cikin yankinta, wataƙila ba zai kai ki ko bakin ƙofa ba a wata."

Shi ne kuma ya ba ni labarin yadda ake yi a wasu ƙasashe. A Amurka sai mutum ya gama digirin farko, ya zauna jarrabawar MCAT, sannan a duba makinsa tare da lokacin da ya yi yana hidima a asibiti ko bincike, da wasiƙun malamansa, a kuma kira shi ganawa ido da ido. A Ingila ma, bayan sakamakon sakandare da jarrabawar UCAT, ana ganawa da mai nema a ji abin da ya fahimta game da aikin daga abin da ya gani da idonsa. Da na ji haka sai na ce da a can nake da shekaruna sun yi mini magana. Na daɗe a kan wannan ra'ayi, amma yau ina kallon al'amarin ta fuska biyu. Gaskiya ne tsarinmu yana asarar mutanen da suka riga suka nuna za su iya zama da majiyyaci cikin dare a inda babu wuta, kuma irinsu ne suka fi yiwuwar komawa karkara bayan sun gama. Sai dai kuma na san ƙasarmu, na san cewa ranar da aka ce wasiƙar yabo da ganawa za su ɗauki maki mai yawa, ɗan babban mutum zai zo da wasiƙar shugaban asibiti ko bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba, 'yar tela kuma ta zo da ta Hajiya wadda ba wanda ya san ta. Maki, duk da gazawarsa, kwamfuta ce ke fitar da shi, kuma ba ta san gidan da mutum ya fito ba.

Da na fahimci haka sai na daina jayayya da tsarin na koma neman abin da yake nema. Na fara da tushe, na yi rajistar jarrabawar NECO ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, kuma ban tsaya ga Fiziks kaɗai ba, na sake darussan duka domin su fito a takarda ɗaya. Wani malamin sakandare da ke garin da muke zaune ya riƙa koya mini Fiziks da Kemistiri da yamma a ranakun da ba ni da aikin kwana, ina biyansa daga albashina, kuma a nan ne aikin ya fara yi mini rana ta hanyar da ban zata ba, domin da ba ni da albashi da ba zan iya biyan kuɗin rajista da na darasi da na mota ba, kuma ba zan ɗora wa mahaifina ko maigidana nauyin da ya fi ƙarfinsu ba. A daren da nake kwana a asibiti, idan mai naƙuda ta samu sauƙi tsakanin ciwo da ciwo, nakan buɗe littafin tambayoyin shekarun baya a ƙarƙashin fitilar sola in yi goma ko ashirin, Hajiya kuma takan ce in ci gaba, ita za ta saurari ɗakin. Sakamakon ya fito da kiredit a duka biyar, har da B3 a Fiziks ɗin da ya tsayar da ni shekaru.

JAMB kuwa ta sauya gaba ɗaya daga yadda na san ta, domin tun 2015 aka koma yin ta da kwamfuta kawai. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 kuma a kowane ɗaya daga cikin Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, wanda ke nufin kowace tambaya ba ta samun ko minti ɗaya. Wanda ya san karatu amma bai saba da sauri a gaban kwamfuta ba, lokaci zai ƙare masa da sauran tambayoyi a gaba. Na riƙa zuwa wani shagon kwamfuta a ranakun Asabar ina gwada jarrabawar da agogo a gabana, har hannuna ya saba. A 2018 na samu maki da ya kusa 250, na yi jarrabawar tantancewa ta jami'a, wadda aka fi sani da Post-UTME, na fito da sakamako mai kyau, amma da aka haɗa biyun ban kai inda aka yanke ba. Sai aka nuna mini a shafin CAPS, wato tsarin da JAMB ta kawo a 2017 domin kowane ɗalibi ya ga gurbin da aka ba shi ya karɓa ko ya ƙi da kansa, cewa jami'a ta mayar da ni wani fannin kimiyya.

Wannan ne lokacin da ya fi mini wuya a duk tafiyar, saboda kowa yana da shawara kuma kowace shawara tana da ƙamshin gaskiya. Wasu suka ce in karɓa, bayan shekara ɗaya in nemi a mayar da ni ajin likita idan na yi fice. Na bincika na ga waɗanda ke samun wannan sauyi 'yan ƙalilan ne, wasu jami'o'in ma ba sa yi sam, kuma na san mutanen da suka shiga da wannan niyya suka gama digirin da ba sa so suna ɗauke da ciwon abin. Wasu suka ce in gama digirin Anatomi ko Fiziyoloji ko Bayokemistiri da sakamako mai daraja in shiga aji biyu kai tsaye, wadda hanya ce ta gaskiya da mutane suka bi suka zama likitoci, sai dai shekara huɗu ce kafin a fara, kuma guraben shiga kai tsaye sun fi na JAMB ƙaranci. Akwai kuma IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da jarrabawarsa, wanda shi ma yake kai mutum aji biyu idan ya samu maki mai yawa sosai, amma yana buƙatar in ajiye aiki. Wani kawuna ya kawo maganar Sudan, inda 'yan arewa da yawa ke karatun likita a lokacin, ya ce zai sayar da gona ya taimaka. Ban yarda a sayar da gonar ba, kuma na san cewa duk wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin a ba shi lasisin aiki a gida. Daga baya, da yaƙi ya ɓarke a Khartoum a watan Afrilun 2023 aka kwaso ɗalibanmu ta Masar da Port Sudan, wasunsu suna ajin ƙarshe, na tausaya musu matuƙa, domin neman abin da na nema ne ya kai su. Jami'o'i masu zaman kansu kuwa kuɗinsu miliyoyin naira ne a shekara, ba mu ma tsaya tattauna su ba.

Maigidana ne ya yanke maganar. Ya ce, "Ke da kike da aiki a hannu, shekara ɗaya ba za ta karya ki ba. Abin da ya rage tsakaninki da su maki ne da kin san adadinsa, ki tsaya ki cike shi." Na ƙi karɓar gurbin, na duba sakamakona na ga Fiziks da Turanci ne suka ja ni ƙasa, na mayar da ƙarfina can. A 2019 na samu maki da ya kusa 290, na yi jarrabawar tantancewa, sannan aka shiga jira. Ina tsaka da yi wa yara rigakafi a baranda wata safiya na duba wayata na ga an ba ni gurbin karatun likita, na danna alamar karɓa hannuna na rawa, sannan na ƙarasa layin matan da ke jira kafin in shiga ɗaki in gaya wa Hajiya, wadda ta rungume ni tana kuka tana hamdala.

Ya kamata in faɗi wani abu a fili, domin masu ba da irin wannan labari sukan tsallake shi. Ba ta jerin cancanta zalla na shiga ba, ta kason jihohin yankin jami'ar na shiga, kuma na san akwai waɗanda suka fi ni maki daga wasu jihohi da ba su samu ba. Ban ɗauki wannan a matsayin abin kunya ba, domin an yi tsarin ne saboda yara irina da suka yi sakandare babu malamin Fiziks, kuma asibitocin yankinmu ne suka fi kowa ƙarancin likitoci, musamman mata, a inda mace takan jinkirta zuwa asibiti don gudun namiji ya duba ta. Amma kason yanki ba ya ɗauke wa kowa karatu, saboda a cikinsa ma jeri ake yi daga sama, kuma da zarar an shiga aji babu wanda zai sake tambayar jihar da ka fito.

Shiga ma ba ita ce ƙarshen tacewa ba. A shekarar farko darussan kimiyya ake yi, kuma wanda bai cika sharaɗin da aka gindaya ba ba ya wucewa aji biyu, sai a mayar da shi wani fanni. Mu kuma muka haɗu da annobar korona da yajin aikin malaman jami'a na 2020, sannan wani yajin na wata takwas a 2022, har karatun shekara shida ya miƙe ya wuce haka. Sai babbar jarrabawar farko ta Anatomi da Fiziyoloji da Bayokemistiri, inda makin ci 50 ne, wanda ya faɗi ya sake, wanda ya ci gaba da faɗuwa a sallame shi. A wannan mataki shekarun aikina ba su ƙara mini komai ba. Yaran da suka fito daga makarantu masu kyau sun fi ni saurin haddace hanyoyin sinadarai a jiki, na zauna a gabansu suka koya mini, suna kirana Anti, ni kuma ina raba dare tsakanin littafi da 'yata.

Da muka shiga asibitin koyarwa sai al'amarin ya juya. Na iya sa allurar ruwa a hannun yaron da zawo ya busar, na san yadda ake tambayar tsohuwa tarihin ciwonta ba tare da an sa ta jin kunya ba, na san cewa idan mace ta ce jikinta babu daɗi akwai tambayoyi biyar a bayan wannan magana, kuma jini ko warin ciwo ba sa tayar mini da hankali. Yaran da suka koya mini Bayokemistiri su ne suka riƙa biyo ni ɗakin haihuwa. A darasin masu ciki ne kuma aka yi mana bayanin jijjiga tun daga yadda mabiyiya ke kafuwa a mahaifa har zuwa abin da ke faruwa a jijiyoyin jini da ƙoda da ƙwaƙwalwa, da dalilin da ya sa ake duba motsin gwiwa da yawan numfashi da yawan fitsari ga wadda aka yi wa magnesiyam salfet, da maganin da ake karya shi da shi idan ya yi yawa, wato kalsiyam gulukonet. Na zauna a ajin nan ina rubutu ina tuna motar ɗan kasuwa, kuma a ranar na samu amsar tambayoyin da suka fito da ni daga ƙauye.

Idan ɗalibi ya tambaye ni yau ko makinsa zai kai shi, nakan fara da gaya masa yadda fagen yake. A sakamakon JAMB na 2024, kusan kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka zauna ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika kashi ɗaya cikin 100 ba, kuma daga cikin na saman nan ne masu neman likitanci ke fitowa da yawa. Wanda ya samu 220 ya yi ƙoƙari idan aka kwatanta shi da jama'a, amma a layin likitanci yana baya, kuma gara a gaya masa gaskiya da wuri da a bar shi yana jiran suna. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da ƙarin guraben makarantun likita da na sauran fannonin lafiya, abin da na yi murna da shi, ko da yake ƙarin kujeru ba zai yi amfani ba sai an ƙara malamai da gadaje, a lokacin da ƙwararrun da za su koyar suke ta barin ƙasar. Abin da nake fata shi ne a ware wani ɗan kaso, ko da kaɗan ne, ga ma'aikatan lafiya masu rajista da suka yi shekaru a karkara, da sharaɗin su cika kiredit biyar su kuma kai wani maki mai tsauri, a tabbatar da shekarun aikin daga rajistar hukuma da takardar albashi, ba daga wasiƙar wani babba ba, sannan su sa hannu cewa za su koma yankunansu.

Kafin a kai ga haka, hanyar da ke akwai ita ce wadda na bi. A hutun da ya wuce wata ƙanwata a aiki, wadda aka tura asibitinmu bayan tafiyata, ta zo gida da takardunta a cikin leda tana so in duba mata ko shekarunta huɗu na aiki za su taimaka. Na gaya mata abin da dattijon nan ya gaya mini, sannan muka baje takardun a tabarma, muka ga Kemistirinta D7 ne, Turancinta kuma a wata takardar daban yake. Mun tsara cewa za ta sake darussan biyar a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara ba tare da ta ajiye aikinta ba, na ba ta littattafaina na tambayoyin baya, kuma sai sakamakon ya fito za mu zauna mu duba jami'o'in da jiharta ke cikin yankinsu kafin ta yi rajistar JAMB.